Sanarwa: Zaman Asabar kan sabon bugun wasanmu

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar La'asar, za mu haɗu a wurinmu na Zoo Road. Wannan karon ba wasa za a yi ba, shawara ce: mu koma bugun Dungeons & Dragons na 2024, wato sabon littafin dokokin wasan nan namu na tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi, ko mu ci gaba da na 2014 da hannunmu ya saba da shi?

Na san wasunmu sun ci buri a kan sabon, kuma gaskiya akwai abin yabawa. Yanzu tarihin rayuwar jarumi ne ke ƙara masa maki, ba irin halittarsa ba (mutum ne ko wata halitta), kuma kowa sai ya kai mataki na 3 kafin ya zaɓi reshen ajinsa, wato fannin da jaruminsa zai ƙware a kai cikin aikinsa, kamar na mayaƙi ko na mai sihiri. Masu takobi ma an ba su sababbin dabarun makami, su da kullum kukansu masu sihiri sun danne su. Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jaruman da muka yi wata 8 muna rainonsu, sai an zauna an gyara takardunsu ɗaya bayan ɗaya.

Kowa ya taho da takardar jaruminsa da fensir. Gudummawa naira 3,000 ce, a miƙa wa ma'aji kafin Alhamis, don littafin sabon bugun daga waje za a yi odarsa, kun kuma san halin dala. Sannan wanda ya tafi da jan ɗan lidon nan mai fuska 20, don Allah ya dawo da shi, ba za mu tambayi suna ba.

Wanda uzuri zai hana shi zuwa ya ajiye ra'ayinsa a nan kafin Juma'a.

Allah ya kai mu lafiya. Na gode.