Kan kwandalar Rumawan da ka saya

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin Italiya? Mu nan lafiya lau, Hajiya ma tana gaishe ka.

Hotunan kwandalar sun iso. Fuskar da ke kai ta Tiberiyas ce, sarkin Rum daga shekara ta 14 zuwa 37 miladiyya, bayanta kuma mace ce zaune a kujera, da rubutun PONTIF MAXIM. Irinta ta azurfa ce, an buga su da yawa a garin da yau ake kira Liyon a Faransa. Amma kada ka yi saurin murna. 'Yan jabu sun daɗe da sa mata ido, domin Kiristoci da dama na ɗauka irinta aka miƙa wa Annabi Isa (AS) da aka tambaye shi batun haraji, saboda haka kullum tana da masu nema.

Wannan kuɗi bugunsa aka yi, ba zubi ba. A sa ɗan curin azurfa tsakanin hatimi biyu, a sauke guduma. Shi ya sa haruffan ta gaske suke fitowa da kaifi, bakinta kan ɗan tsattsage, da wuya ta yi zagaye cif. Ɗauki taka ka juya ta ta gefe a hasken rana. In ka ga wani siririn layi ya kewaye bakin, ko alamar an goge shi da zarto, zubi ce. Haka in fuskar ta yi lumui kamar sabulun da ya sha ruwa, da ƙananan ramuka. Gaskiya kunnen sarkin nan a hotonka bai kwanta mini ba.

Sannan ka je wurin mai sayar da gwal ya ɗora maka ita a sikeli. Ya kamata ta kusa giram 3.8. In maganaɗisu ya kama ta kuwa, jabu ce, magana ta ƙare. Ko a zamanin Rumawan ma akwai masu lulluɓe tagulla da azurfa, kuma irin wannan tsohuwar jabu tana da 'yar darajarta.

Don Allah kada ka goge ta da toka ko lemun tsami. Baƙin nan na jikinta shaida ne. Kuma in ta tabbata ta gaske ce, kada ka jefa ta a jaka ka nufo gida, dokar Italiya ba ta wasa da fitar da kayan tarihi ba izini.

Turo mini hoton bakinta da nauyin. A gaida maiɗaki da yara.

Naka,
abokinka na Kano