Zuwa ga mutumina a Kano, kan maganar maki

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya jikin Umma, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Jidda lafiya lau sai gumin bakin tekun nan da ka sani.

Naga saƙonka kace ka tara yara huɗu a unguwa zaka fara ja musu Dungeons & Dragons (wasan nan na labari da ake yi a tebur, kowa da jaruminsa) amma lissafin makin da ake tarawa a hau mataki ya ɗaure maka kai. Ai dole, lokacin da kake nan kai dai jefa ɗan lido mai fuska 20 ka sani, lissafin ni nake yi. To a bugun 2014 da muke amfani da shi, mataki na biyu maki 300 ne, na uku 900, na huɗu 2,700, na biyar 6,500. Gobilin ɗaya, wato ɗan ƙaramin dodo, maki 50 yake bayarwa kuma rabawa ake tsakanin ƴan wasa, kaga in su huɗu ne sai sun kayar da 24 kafin kowa ya taka mataki na biyu. A na biyar ne daɗin yake, nan mayaƙi yake fara kai sara biyu a juyi ɗaya, mai sihiri kuma ya samu ƙwallon wuta.

Amma dan Allah kar ka yi kuskuren da nayi. Ka tuna yaron nan ɗan Mai Wurno ta Sudan mai gyaran waya? Wani daren Alhamis muna istiraha, wato gidan hutu, an ci shinkafar kabsa an ɗora shayi, sai a cikin wasan ƴan wasa suka iso wata gada da dodo ke tsarewa, kowa ya zaro takobi shi kuwa yace a dakata, ya zauna yana lallaɓa dodon nan kusan rabin awa har da tambayarsa me ya hana shi komawa gida, wallahi ni kaina da nake magana da muryar dodon sai da jikina yayi sanyi, ƙarshe ya basu hanya ba a zubar da jini ba. Da aka zo rabon maki nace babu, tunda ba a kashe komai ba. Bai ce uffan ba, ya ajiye fensirinsa a kan takarda ya juya kofin shayinsa. Sati na gaba duk abin da ya motsa sara yake kai masa. Abin ya dame ni sosai don ni na koya masa hakan.

Daga baya na duba, ashe littafin ma ya yarda a bada maki in an wuce matsala da baki ko dabara. Kai hatta wasan farko da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, zinaren da ka samo ma maki ne, don haka mai wayo yana iya tsere wa mai ƙarfi. Yanzu sulhu ko faɗa maki ɗaya nake bayarwa, na kuma bi yaron na cika masa nasa.

Wasu sun daina ƙirge gaba ɗaya, in an kai wata gaɓa a labari sai kawai ace kowa ya hau mataki. Na gwada wata biyu ban ji daɗinsa ba, nafi son in ga kowa ya sunkuya yana goge tsohuwar lamba yana rubuta sabuwa yana lissafin saura nawa.

In kun yi zaman farko ka turo min hoton takardunsu ta WhatsApp in duba maka. Ka gaida Umma da su Yaya.

Naka,
abokinka na Jidda