Ƙwayar cutar da ke bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili in ja hankalin masu wanka a tafki, kogi da kududdufi lokacin zafi kan ƙwayar amiba (wata 'yar ƙaramar halitta da ido ba ya iya gani) mai suna Naegleria fowleri. Ruwan ɗumi mara gishiri take so, tana rayuwa har a zafin digiri 46 a ma'aunin Celsius, musamman cikin lakar ƙasa. Shan ruwan ba ya kawo ciwon, kuma mutum ba ya sa wa mutum. Ta hanci take shiga idan an yi nutso ko tsalle, sai ta bi jijiyar jin ƙamshi ta kai ƙwaƙwalwa.

Kamuwa da ita ba kasafai ba ne, amma sama da kashi 97 cikin 100 na masu kamuwa ba sa tashi. Alamu kan bayyana cikin kwana 1 zuwa 12: ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, amai, sai ƙagewar wuya da ruɗewa. Nan matsalar take, domin cutar ta yi kama da sanƙarau, a yi ta ba da maganin da ba nata ba. Don haka a gaggauta zuwa asibiti, a faɗa wa likita an shiga ruwa, don a duba ruwan lakar ƙashin baya a fara ba da magungunan amphotericin B da miltefosine.

A toshe hanci ko a bar kai sama da ruwa, kada a tayar da laka. Ruwan wanke cikin hanci kuwa a tafasa shi minti 1, ya huce tukuna.

Na gode,
Wani ma'aikacin lafiya