Abba, kada ka miƙa takardar ajiye aikin nan tukuna

Assalamu alaikum Abba. Da fatan kun tashi lafiya kai da iyali, ya jikin Hanif, an daina tarin?

Na rubuto ne saboda in na kira ka a waya sai ka ce kana mitin, in kuma ka zo gida sai ka zauna wajen Ummanku har ka tafi. Jiya bayan isha'i Kawunku Sule ya tare ni a ƙofar masallaci yana min murna wai Abba zai tafi Ingila yin mastas, har ya sa filinsa na Rigachikun a kasuwa. Na ce masa eh Allah ya sa albarka, don kada ya gane a bakinsa na fara ji. Wallahi daren jiya ban runtsa ba.

Ni ba karatun nake ƙi ba, kai ma shaida ne. Na san shekara 6 kana kan kujera ɗaya a ofishin ma'aikata, kai ke haɗa takardun albashi kai ke bin hutun mutane, amma in an tashi ƙarin girma sai a ɗauko wani daga waje a ɗora maka don yana da wata takarda. Da ciwo. Amma wace takardar suke tambaya? Ka duba tallan aikin da kanka, takardar CIPM za ka gani, wato cibiyar ƙwararrun ma'aikatan fasonel ta Najeriya, ita doka ta ba ikon kula da wannan sana'a tun 1992, kuma jarrabawarta kana kan aikinka za ka riƙa yi mataki mataki. In kuma mastas ɗin ne dole ga ABU nan Zariya suna yin MBA, mastas ɗin harkar gudanar da kasuwanci, na karatu daga nesa, ga jami'ar jihar Kaduna KASU a bakin hanyarka. Abin da za a tambaye ka ran da aka sallami ma'aikaci ya kai ƙara kotun ma'aikata dokar ƙwadago ce ta ƙasar nan, da lissafin fansho, kashi 8 daga ma'aikaci kashi 10 daga mai aiki. Baturen Ingila dokar garinsu zai koya maka.

Duk wannan ma ƙarami ne. Abin da ya hana ni barci shi ne an ce ajiye aiki za ka yi.

Abba ka san masaƙar da na yi aiki a Kakuri, amma ba ka san abin da na yi a shekarar ƙarshe ba don ban taɓa faɗa muku ba. Ni ne akawun ofishin fasonel, ni na riƙa buga takardun sallama a tafireta, suna bayan suna, mutanen da muke cin tuwo kwano ɗaya da su. Akwai wani dattijo mai gyaran injin saƙa, na miƙa masa tasa ya ninke ta huɗu ya sa a cikin hula ya ce min Malam gobe ƙarfe nawa zan zo. Bai gane ba. Da aka gama da kowa tawa ce ta ƙarshe kuma ni na buga ta da hannuna. Daga nan sai da na yi shekara 3 ina yawo da fayil a hammata, Ummanku na sayar da ƙosai, kai kana ganin wai sha'awa take yi. Shi ya sa in na ji mutum yana da aiki a hannu zai sake shi da kansa sai cikina ya ɗuri ruwa.

Kuma ka yi lissafi kuwa? Fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, filin nan ko kuɗin makaranta ba lallai ya biya ba balle haya da abinci. Sannan tun Janairun 2024 sun hana masu irin wannan mastas ɗin tafiya da iyali. Wato Maman Hanif da yara biyu ka bar su wa? Ko ka faɗa mata gaskiya, ko ita ma a bakin Kawu za ta ji? Wannan ba tarbiyyar da na ba ka ba ce, a ce magidanci da gemunsa ya ƙulla magana irin wannan a ɓoye kamar ɓarawo.

Na san za ka ce ni na hana ka tafiya wancan karon ma. Eh na hana, lokacin ga bikin Aisha ga aikin idona, da me zan tura ka? Ban yi nadama ba, amma na san abin yana ranka har yau kuma ban ga laifinka ba.

Ka yi haƙuri in na yi zafi. Abu ɗaya nake roƙo, ka fara tambayar ogan naka ko suna ba da hutun karatu ko da ba albashi, kai da ke ofishin ka fi ni sanin abin da ke cikin littafin ƙa'idarku. In sun rubuta maka cewa kujerarka na nan sai mu zauna mu yi maganar Ingila, ni da kaina zan raka ka filin jirgi.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, ka taho da takardar filin in gan ta da idona. Ummanku ta ce a kawo mata yaran za ta yi dambu.

Babanku