Wasiƙa zuwa ga ƙanena kan gefen arewa na Grand Canyon

Assalamu alaikum, ƙanena. Ina fata kowa lafiya, ka gaishe da Baba da Inna da kyau.

Tunda ka ce in ka zo Amurka kana so mu kwana a tanti a Grand Canyon, wato katafaren ramin nan da ke cikin gandun ƙasa a jihar Arizona, shawarata mu nufi gefen arewa. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu ziyara ne ke zuwa can, sauran duk kudu suke cika. Daga baki zuwa baki kilomita 16 ne kawai, amma zagayowa a mota ya kai kilomita 350, tafiyar awa 5. Daga ƙauyen Jacob Lake ake kama hanya mai lamba 67, kusan kilomita 70, kuma a nan za mu cika tanki. A al'ada tsakiyar Mayu ake buɗewa, ƙanƙara ke rufe hanyar da hunturu. Gobarar daji ta Yulin 2025 ta ƙone babban masaukin wurin, don haka sai mun duba shafin hukumar gandun mu ga abin da aka buɗe kafin mu kama wuri.

Abin da ke ba baƙi mamaki tudu ne. Tsayin wurin daga teku ya kai mita 2,500, da rana daɗi, amma dare a Mayu sanyi kan kai ruwa ya daskare. Bargo bai isa ba in babu shimfiɗa mai kauri a ƙasa, domin ta ƙasa sanyin ke shiga jiki. Ruwa kuma yana tafasa tun bai gama zafi ba, wajen digiri 92, shi ya sa shinkafa ke fitowa ba ta gama nuna ba. A ƙara mata ruwa da lokaci, a rufe tukunya ruf. Risho mai gas za mu ɗauka, don sau da yawa ana hana hura wutar itace. Abinci a kulle a mota, hankakin wurin har jaka suke buɗewa.

Gangarawa ramin ce ke cutar mutane. Sauka ba wuya, hawa kan ci ninki biyu na lokacin, a ƙasan ramin kuma da bazara zafi na wuce digiri 40. Kowa lita 4 a yini, da gyaɗa mai gishiri, domin ruwa zalla ga mai zufa yana wanke gishirin jiki har ya jawo jiri da amai. A Yuli da Agusta hadari kan taso da rana, in an ji tsawa a bar bakin ramin a shiga mota.

Ka taho da hula mai rufe kunne da takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi. Ka sanar da ni ranar jirginka da wuri, ana kama wurin tanti tun wata 6 kafin lokaci.

Naka,
Yayanka