Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiya na Shekarar da Ta Ƙare

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawanmu da sauran 'yan uwa mambobi,

Bisa ƙa'ida ma'aji ne ke bayanin kuɗi, amma tun da aiki ya mayar da shi wata jiha aljihun ƙungiya ya dawo hannuna haɗe da littafin sakatare, don haka rahoton bana guda ɗaya ne. An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Babban aikinmu na bana shi ne zaman tantance bindigogin da muke tarawa, kwaikwayon tsofaffin libarba na Amurka, wanda muka yi bayan babbar salla. An shimfiɗa barguna a kan tebura, kowa ya kawo abin da ya tara, babu albarushi babu harsashi, kuma shugaba da kansa ya tsaya a bakin ƙofa yana duba kowace libarba kafin a ajiye ta. Mun fara da hatiman Italiya, domin can aka ƙera mafi yawan abin da ke hannunmu. An nuna wa sababbin mambobi tambarin gidan gwajin bindigogi na Gardone Val Trompia, da haruffan PN masu tauraro a sama waɗanda ke nuna cewa da baƙin albarushi aka gwada ta, sannan alamar shekara: XV ita ce 1959, XX ita ce 1964, XX7 ita ce 1971, daga 1975 kuma aka koma haruffa biyu, aka fara da AA.

Ana cikin haka Alhaji, dattijonmu, ya kwance wani tsohon tawul ya fito da kwaikwayon libarbar Colt Navy ta 1851 da ya saya da arha shekaru da dama, yana cewa ba ya tsammanin ta kai a ɓata lokaci a kanta. Da aka goge ta aka haska ta da fitilar waya, aka kara gilashin ƙara girma, sai ga XVI, wato 1960, ga kuma haruffan GU. Waɗannan haruffa na Gregorelli da Uberti ne, mutanen da suka ƙera wa Val Forgett, mai kamfanin Navy Arms, rukunin farko na irin wannan kwaikwayo a daidai lokacin da Amurka ke shirin cika shekara 100 da fara yaƙin basasarta na 1861 zuwa 1865. Ɗakin ya yi tsit, sannan aka shiga yi wa Alhaji barka, shi kuwa ya nemi a sake karanta masa alamar har sau biyu. A tebur na gaba an ajiye Centaure ta Beljiyam, kwaikwayon Colt Army ta 1860 da aka ƙera a Liège tsakanin 1959 da 1973, kowa ya ga hatimin ELG na gidan gwajin bindigogi na Liège da idonsa, abin da da yawanmu a hoto kawai suka sani.

Ba kowa ne ya koma gida da murna ba. Wani ƙanenmu ya kawo wata Navy ta 1851 wadda aka sayar masa da sunan ta zamanin yaƙin basasar Amurka ce, mai jikin tagulla, alhali an bi hatimanta ne da magagari aka tsufar da ƙarfen da gangan. Sukuru ɗaya muka kwance, zarensa ya fito na awon mita irin na Italiya, magana ta ƙare. Da ma Colt bai taɓa yin Navy ta 1851 da jikin tagulla ba. Masu ƙera wa 'yan Kudancin Amurka makamai a yaƙin basasar irin su Griswold da Gunnison a Jojiya ne suka koma ga tagulla saboda ƙarancin ƙarfe. A ganina wannan darasin kaɗai ya biya kuɗin hayar ɗakin.

Kundin rajistar da muka yi alkawari bara bai kammala ba, kuma na ji ana cewa sakatare ne ya kwanta a kansa. Gaskiyar magana ita ce na raba takardar cikewa sau uku, ina roƙon abu huɗu kacal: lambar bindiga, alamar shekara, tambarin maƙeri, ko Pietta ne ko Armi San Marco ko Armi San Paolo, da sunan kamfanin da ya shigo da ita, tare da hoto mai haske. Waɗanda suka amsa ba su kai rabi ba, wasu hotunan kuma an ɗauke su a duhu ta yadda ba a bambanta AC da AD, alhali shekara guda cur ce tsakaninsu. Ba zan rubuta abin da ban gani ba.

Ziyarar gidan tarihin jihar Connecticut da ke Hartford a Amurka, inda tarin bindigogin Colt na asali yake, ita ma ta rushe, kuma kuɗin ƙungiya ne sanadi. Mutanen da suka biya bara su ne dai suka biya bana. Akwai masu turo hoto da tsakar dare suna son a faɗa musu shekarar bindigarsu nan take, amma da an ambaci kuɗin shekara sai wayarsu ta mutu. Kuɗin ɗakin zaman tantancewa ma mutum uku ne suka cike giɓinsa daga aljihunsu, har yau ba a mayar musu ba.

Kwamiti ya yanke cewa duk wanda ake binsa bashin shekara biyu ba za a tantance masa komai ba sai ya biya. Za a karɓi kuɗi da takardun rajista a taron wata mai zuwa, kuma a ranar ne za a zaɓi sabon ma'aji, domin ba zan ƙara riƙe muƙami biyu ba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya