Godiya ga lauyoyin Federal Defenders da ke Brooklyn

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan wannan ofishi,

Assalamu alaikum. Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin mutanenmu da ke Bronx da Harlem su ji.

An tsare ƙanena a filin jirgin JFK da ke New York yana dawowa daga gida. Akwatin da wani ya roƙe shi ya taho wa iyalinsa da shi, mai ɗauke da kuka da daddawa da yaji, a ƙasansa jami'an kwastan suka farke suka tarar da hodar iblis. Ta haura giram 500, kuma a dokar tarayyar Amurka wannan nauyin yana jawo ɗaurin aƙalla shekara 5. Ba mu da kuɗin lauya, sai kotun tarayya da ke Brooklyn ta miƙa shi hannunku, kyauta.

Ni dai na riga na sallama, tunda an kama abu a hannunsa. Ranar da na fara zuwa ofishinku, lauyar da aka ba mu ta ɗauko takarda ta ja layi a ƙarƙashin wasu kalmomi na dokar: "da sani ko da gangan". Ta ce, Malam, a nan shari'ar take. Wajibi ne gwamnati ta tabbatar ya san haramtacciyar ƙwaya ce yake ɗauke da ita, ko da bai san wace iri ba ce. Ta ambaci hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 a shari'ar McFadden.

Amma ba ta ruɗe mu da daɗin baki ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da ita. Ta faɗa mana tun shari'ar Jewell a 1976, ta mutumin da ya tuƙo mota daga Meziko da tabar wiwi a ɓoye, kotuna ke ɗaukar wanda ya rufe ido da gangan tamkar wanda ya sani. Sannan a 2024, a shari'ar Diaz, Kotun Ƙoli ta amince jami'i ya shaida cewa yawancin masu ɗauko irin waɗannan kaya sun san abin da suka ɗauko. Don haka tambayar da za a yi ta jefo mana ita ce: me ya hana shi bincika akwatin?

To, ta yaya za ka fahimtar da Ba'amurke ma'anar saƙo? A wurinmu, buɗe saƙon da aka ba ka amana abin kunya ne. Lauyar ta zaunar da ni kusan awa biyu tana tambaya tana rubutawa: wa ke ba da saƙo, ana biya ne, sau nawa ni kaina na ɗauko? (Na ƙirga, na ji tsoro.) Sai kuma wayarsa. Masu gabatar da ƙara sun riƙe kalmar "kaya" a saƙonninsa na WhatsApp a matsayin zaurance. Ofishinku ya samo tafinta Bahaushe, aka bi saƙonnin murya ɗaya bayan ɗaya, aka nuna da kalmar nan yake kiran tufafinsa, da ita mahaifiyarmu ke kiran kayan miya.

A zauren kotu na lura tana yawan miƙewa ta ce ba ta amince ba, ko da alƙali zai ƙi. Daga baya ta bayyana mini cewa abin da ba a ƙalubalanta ba a gaban alƙalin farko, da wuya kotun ɗaukaka ƙara da ke Manhattan ta saurare shi. Ashe tana shirin faɗuwa tun kafin a faɗi.

Ba mu kai can ba. Masu taimaka wa alƙali su 12, mutanen gari da ake zaɓa su yanke ko mutum ya yi laifi, suka wanke shi baki ɗaya.

Mahaifiyarmu ta ce lallai in kai wa lauyar turmin atamfa. Na kai, ta yi dariya, ta ce in mayar wa Hajiya ta ɗinka. Allah ya saka muku da alheri, ku da mai bincikenku da tafintan nan da bai gaji da mu ba.

Naku,
Wani direban tasi daga Bronx